Dagi Bakwai Na Gidanmu

Ni mai zanen riga ne. Ba na ɗinki, ban taɓa iya riƙe allura da kyau ba. Aikina shi ne a kawo mini shadda an riga an yanka, in shimfiɗa ta a kan katako bisa cinyata, in tsoma alƙalamin kara a tawada in zana wuya da aljihu. Daga nan mai ɗinkin hannu ya ɗauka ya bi layina da zare. In an wanke rigar, tawada ta fita, zare ya zauna, ba wanda zai ce hannuna ya taɓa ta. Haka na yi shekara talatin da wani abu a rumfar da Baba ya bari a kasuwar Magarya.

Tun kafin abin da zan faɗa, sana'ar ta riga ta rame. Injunan ƙetaren iyaka, waɗanda ordinatar, wato kwamfuta, ke tuƙawa, sun cinye aska biyu, sun cinye aska takwas da tambari, duk zanen da kowa ya sani. Abin da mai ɗinkin hannu zai yi kwana goma a kai, su kafin shayi ya huce sun gama. Abin da ya rage mini shi ne dagi bakwai na gidanmu. Dagi layi ɗaya ne, yana hawa kan kansa yana bi ta ƙarƙashin kansa, har ya dawo inda ya tashi ba tare da ya tsinke ba. Masu inji sun sha ɗaukar hoton rigunanmu su kwaikwaya. Daga nesa yana kama. In ka matso sai ka ga layin ya mutu a wuri biyu ko uku an yi masa ƙari, inda ya kamata ya nutse ya hau. Hoto yana nuna inda layi ya kwanta, ba ya nuna inda ya fara da hanyar da ya bi. Saboda wannan ne dattawa ke shigowa a taksi daga Waca, wasu su hau amalanke daga Kwaya, su kawo mini shaddarsu in salla ta matso. Da waɗannan bakwai nake ciyar da gida, don geron gonata ba ya kai mu tsakiyar rani.

Baba bai taɓa sa su a takarda ba. Yadda ya koya mini, sai ya rufe ƙofar zaure, ya share rairayi da tafin hannu, ya jera gyaɗa sahu-sahu, kowane dagi da jerinsa. Sai ya ɗora yatsa a wurin farawa ya ja layi yana kewaya gyaɗar, wannan ta dama, waccan ta hagu. In na yi kuskure ya buge mini bayan hannu. In an gama ya goge rairayin, mu cinye gyaɗar, ba abin da zai saura a ƙasa wani ya gani. Sai da jerin ya zauna a kaina, har ina ganinsa a kan farin ƙyalle babu gyaɗa ko ɗaya, sannan ya ba ni alƙalami.

Mu biyu ne maza a wurinsa. Ni aka cire daga lakwal ina aji uku aka zaunar a rumfa. Ƙanena aka bari ya ci gaba, ya zama malamin lissafi a kwalej ta Dungas. Ina ce masa Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, rabi girmamawa rabi tsokana. Yana da wata tsohuwar ordinatar mai tsagaggen murfi da yake ɗaurewa da roba, da ita ya koya wa kansa irin rubutun da ake ba inji umarni. Mutum ne mai gaskiya, wannan zan faɗa tun yanzu don kada wani ya karanta ya zage shi.

Wata ranar kasuwa ya zo a babur, ya zauna a bakin rumfa ya jira har na sallami mutane. Sannan ya ce akwai wata ƙungiya a ƙasar waje da ke ba da burs, wato tallafin kuɗi, kowace shekara. Ba ta karatu ba ce. Suna zaɓen mutane kaɗan, masu zane, da masu rubuta wa ordinatar umarni, da malaman makaranta, su riƙe su wata da watanni da abin da zai ishe su ci, su haɗa su da gwanin da zai riƙa duba aikinsu. Sharaɗinsu ɗaya, duk abin da ka yi ka bar shi a buɗe, kowa ya gani, kowa ya ɗauka, ya canza in yana so, sai dai ya ambaci sunan mai shi. Ya ce shi malami ne kuma yana rubutun, ni kuma mai zane, mu biyun mun cika duk abin da suke nema. Yana so ya yi wani abu a salula wanda ɗalibai za su rubuta layi biyar su ga dagi yana zana kansa, su gane kusurwa da juyi ba tare da ya fasa maƙogwaro a gaban allo ba.

Na ce ya ɗauki aska biyu, ya ɗauki tambari, duk na ba shi kyauta. Ya ce waɗannan kowa yana da su, ba wanda zai juyo ya dube mu a kansu. Na gidanmu yake so.

Na ce a'a. Na ce Baba ƙofa yake rufewa.

Ya kaɗa makullin babur. Can ya ce, "Yaya, ina bayan ƙofar nan duk lokacin da yake rufe ta. Ina jin kuna ɓare gyaɗa. Uban naka ne kai kaɗai?"

Shekara talatin ina ganin ni aka zalunta da aka cire ni daga lakwal, ban taɓa tunanin shi ma yana ƙirga nasa ba.

Ba zan ce ya yaudare ni ba. Na tambaye shi wa zai gani, ya ce duk wanda ke da rezo, wato intanet, a duniya. Na tambaye shi ko za a iya janyewa daga baya, ya ce shi zai iya cire nasa, amma wanda wani ya riga ya kwafa ya tafi. Duk na ji. Amma lissafin da na yi na 'yan sana'armu ne. A wurinmu in ka ba mutum zane, ya zo da ƙafarsa, ya zauna wata shida yana ɓata ƙyalle kafin hannunsa ya faɗa. In ya iya ma, riga nawa zai zana a shekara, kuma wa zai ɗinka masa? Na zauna na ƙirga masu zanen da na sani daga nan har Dungas, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, duk sun tsufa, ba mai ƙarfin koyon sabon abu. Na ce a raina ko an buɗe, wa zai ɗauka? Injin da ya ci rabin sana'ata kuwa ban sa shi a lissafi ba, don a kaina inji ɓarawon hoto ne kawai, kuma hoto ya riga ya gaza. Ga kuma idona na hagu da ya fara hazo, na san ba shekara da yawa suka rage mini ina ganin bakin alƙalami ba. Na ce in burs ɗin nan ta samu, ko ba komai na huta wata shida, a duba mini idon a Damagaram.

Matata ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin yadda ake jera gyaɗar ba, ga shi yanzu Turawa za su riga ta gani. Na ce ai ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce ta tambaya sau ɗaya tana amarya, na ce mata ba na mata ba ne. Ban tuna ba, amma ya yi kama da maganata.

Dole ne, in ji Mushe, a nuna aikin da aka riga aka fara, a buɗe, kafin a kai dosiye, wato takardun neman burs ɗin. Don haka hutun makaranta ya zo ya tare a wurina. Bayan la'asar mu shiga zauren Baba, ya ɗaure salula a jikin sanda ta leƙo ƙasa, in share rairayi in jera gyaɗa. Ranar farko da ya ga jerin sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ai shi ne abin da yake koya wa 'yan aji biyu, sahu na tsaye da sahu na kwance, kowace gyaɗa da lambarta. Ya ce Baba malamin lissafi ne bai sani ba. Na ce Baba ya sani sarai, albashi ne ba a ba shi ba.

Wahalar ita ce in ja layin a hankali. Hannuna ya san hanya in yana gudu, in na rage masa sauri sai ya ɓace kamar baƙo. Sai in tsaya da yatsa a rairayi ban san dama zan yi ko hagu ba, ni da na zana abin nan sau dubu. Mushe yana zaune da kaye, littafin 'yan lakwal, a cinya yana rubutawa, gyaɗa ta uku sahu na biyu, kewaya ta dama, hau, ta huɗu, nutse. In na rikice ya karanto mini abin da ya rubuta, in ga ashe shi ne daidai. Dagi na shida, wanda ya fi duka wuya, kwana huɗu muka yi a kansa.

Ranar da ya nuna mini a fuskar ordinatar, na ga wani ɗigo ya tashi daga inda Baba ke ɗora yatsa, ya bi hanyar, ya hau inda ake hawa, ya nutse inda ake nutsewa, ya dawo ya rufe. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na sa ya maimaita sau biyar. Na ce ya rage masa gudu, ya rage. Na ce ya ƙara masa girma, ya ƙara. Ko a lokacin ban tambayi kaina ba, in ɗigo zai iya bin hanyar nan, me zai hana allura.

Dosiyen da Ingilishi ake cikawa, Mushe kuma Faransanci ya iya. Ya rubuta da Faransanci, salula ta juya masa, ya kai wa malamin Ingilishin makarantarsu ya gyara. Ƙungiyar ta nemi bideyo na minti biyu, na sa rigata mai kyau na zauna a rumfa na faɗi sunana da sana'ata, muka sake sau tara saboda jakin wani mai amalanke. Tura dosiyen ya gagara, rezo yana zuwa yana tafiya, sai da Mushe ya hau babur ya je bakin gudro, titin kwalta, kusa da eriya ya tsaya a rana har ta wuce.

Bayan wata biyu aka ce mun shiga cikin waɗanda za a yi magana da su. Muka je wurin eriyar muka zauna a inuwar wata bishiyar bedi. Mutum uku ne a fuskar salula, mata biyu da namiji, ɗaya daga matan tana jin Faransanci. Mutanen kirki ne, sun gaishe ni da kyau, sun ce sun kalli hannuna a rairayi sau da yawa. Suka tambayi Mushe ɗalibai nawa ke da salula a ajinsa, ya faɗi gaskiya, ba su da yawa. Suka tambaya ko akwai wasu da za su ci gaba da aikin in mun gaji, ya ce mu biyu ne. Ni tambaya ɗaya aka yi mini, ko na yarda da zuciya ɗaya a buɗe zanen. Na ce na yarda. Ana cikin haka hoton ya daskare, matar ta tsaya da baki a buɗe, da ya dawo lokacinmu ya ƙare.

Amsa ta zo ana girbin gero. Mushe ya zo gona ya karanta mini ina tsaye da lauje. Sun ce masu nema sun yi yawa, gurbi kaɗan ne, aikinmu ya burge su, mu sake nema baɗi. Matar nan mai Faransanci ta ƙara nata layi biyu a ƙasa, ta ce kada mu daina. Na ce to, na koma yankan gero. Ba su yi mana laifin komai ba, ba su yi alkawari ba.

Daga baya Mushe yakan nuna mini abin da ake yi da zanen. Wani a wata ƙasa ya sa fitilu suna bin layin dagi na uku a jikin bango. Wata malama ta rubuto cewa ɗalibanta sun so shi. Kowanne ya sa sunana a ƙasa kamar yadda aka sharɗanta. A ajinsa ma ya yi amfani da shi, ya ce ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi. Na ce madalla.

Ana saura mako uku ƙaramar salla sai ga tsohon da ke ɗinka mini, mutumin Waca, wanda ya fi shekara ashirin yana bin layina da allura. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ciro riga daga leda ya shimfiɗa a kan katakona, ya ce a layin 'yan tufafi ya gani, an jibge su sun kai gwiwa, ya roƙi mai su ya ara masa ɗaya. Dagi na shida ne. Na kai ta bakin rumfa wurin haske, na rufe idon hagu, na ɗora yatsa inda Baba ke farawa na bi. Na bi har na dawo. Ba ƙari, ba tsinkewa. Na juya bayanta, aikin inji ne, sumul. A cikin wuya an liƙa wani ɗan ƙyalle da rubutu ƙanana, na ba wani ɗan lakwal da ke wucewa ya karanta. Sunana ne. Ko wannan ba su ci ba.

Tsohon ya ce, "Malam, sayarwa ka yi?"

Na ce kyauta na bayar.

Ya ce da sayarwa na yi da ya gane. Ya naɗe rigar ya mayar wa mai ita. A sallar nan riga uku aka kawo mini, inda nakan yi talatin. Tsohon ya ɗinka biyu, ta ukun ya ce idonsa ya gaji, ya koma Waca. Na ji yanzu yana kiwon awakin 'yarsa.

Da Mushe ya zo gaisuwar salla ya riga ya gani, don rabin masallacin idi da dagin gidanmu suka zo. Ya zauna a zaure ya kasa cin abinci. Ya ce zai cire shi yau ɗin nan. Na ce ya cire me, a ina? Ya ce laifinsa ne. Na ce ya faɗa mini komai tun farko, ni ne na yi lissafi da hannun mutane. Na so in yi masa faɗa, na nemi abin da zan kama na rasa. Rabonsa ya nema na ba shi, sai dai a wurin bayarwar nawa ya bi.

Da shekara ta zagayo ya dawo da maganar burs. Ya ce bana mun fi ƙarfi, za mu iya nuna cewa mutane da yawa sun ɗauki aikin, har masu sana'a. Bai lura da abin da ya faɗa ba sai da ya fita daga bakinsa. Amma ya ce ana son a ga sabon abu, ko da dagi ɗaya ne wanda ba a taɓa gani ba. Na ce ya ba ni mako biyu. Na shiga zaure na gwada. Duk jerin da na yi, ko dai layin ya rufe da wuri ya bar rabin fili, ko ya rabu biyu, ko in duba in ga ɗaya daga bakwai ɗin ne na juya masa kai. A nan na gane ban taɓa ƙirƙiro komai ba. Wani kakanmu da ban san sunansa ba shi ne mai zane. Ni ɗauka na yi daga hannun Baba, na riƙe shekara talatin, na ajiye. Na faɗa wa Mushe haka. Ya kai dosiyen shi kaɗai, da abin ɗalibansa. Ban tambaye shi amsar da aka ba shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Har yanzu ina buɗe rumfa ranar kasuwa, don zaman gida ya fi ciwo. Na sa hula da turare da carbi a gaba, su ne ke kawo ɗan abin cefane. Katako da tawada suna nan a gefe.

Kwanan baya wani magidanci ya zo daga wajen Dancawo, ɗansa zai yi aure. Ya ce ya zagaya layin 'yan tufafi, irin rigar da yake so ta ƙare, ga shi ya riga ya sayi shadda, kuma yana da wani ɗan'uwa da ke taɓa ɗinkin hannu. Aka ce masa akwai wani tsoho a nan da ke zane. Ya ciro salula ya nuna mini hoto, dagi na huɗu ne, ya ce irin na injin nan na Kano yake so, ko zan iya kwaikwayo.

Na ce zan gwada. Na shimfiɗa shaddar na zana, yana tsaye a kaina. Idon ya dame ni, a kusurwar ƙasa hannuna ya ɗan karkace. Da na gama ya ɗaga ƙyallen, ya duba shi, ya duba salula, ya sake duba shi.

Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Baba. Ka kusa. Amma nasu ya fi daidai."

Na karɓi salular na matso da ita kusa da idon dama na duba da kyau. Nasu ya fi daidai. Na ce masa haka ne, in bai gamsu ba a wanke, tawada ce, fita take yi. Ya ce a bar shi, lokaci ya ƙure. Ya naɗe ya tafi, ni kuma na rufe tawada na juya wurin wata mata da ke tambayar turare.